Ɗaya Ƙafar Tana Ciki

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da aikinki da tsofaffin da kike jinya a can. Mutuniyarki, wato matar yayanki, tana gaishe ki, ta ce a tuna miki har yau ba ta ga man shafawar da kika yi mata alkawari ba. Ni kuma jiki da sauƙi ƙwarai, mun gode Allah.

Auta, ashe duk shekarun nan cutar kanmu muka yi ta yi a birni. Zaman ƙauye shi ne zama. Ki zo ki ga iska, kyauta, ba mai zuwa ƙarshen wata ya ce zai yanke. Wutar lantarki kuwa tun da muka zo ba a ɗauke ta ko sau ɗaya ba, saboda ba a kawo ta ba. Ita ma waya ta samu hutu: sai an hau wani tudu a bayan gari ake samun layi, likita kuma ya ce ko matakala uku kada in hau, shi ya sa kika ga takarda kamar zamanin Baba. Ga mutane masu zumunci. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya koya mini riƙon fartanya, kowa da irin nasa, kuma kowa ya ce na wanda ya riga shi ba daidai ba ne. Har jakin maƙwabcina yakan leƙo ta kan shinge ya duba aikina, ya kaɗa kunne ya tafi. Bai taɓa cewa komai ba, amma na gane.

Abin da ya kawo ni nan kin ji shi a waya daga bakin babbar 'yata, amma da kuka ta faɗa, bari ki ji daga mai kaya. Da hantsi ne, ina kan benci a shago ina laluben takalmi lamba arba'in da uku a can sama, sai na ji kamar an ɗora mini buhun siminti a ƙirji. Na sauko, ko in ce benci ya sauke ni. Ina kwance cikin kwalaye, mai sayen yana tsaye da ƙafa ɗaya cikin takalmi, abin da na ji ya ce shi ne, “To, a bar mini a yadda na taya?” Wallahi da ina da numfashi da na ce masa albarka.

A asibiti suka ce jijiyar zuciya ce ta toshe, suka zura wani siririn abu suka buɗe ta. Likitan wani dogo ne, mai magana kamar sayen kalmomin yake yi. Ya ce abu uku zan bari: kasuwa, ɓacin rai, gishiri. Na ce masa biyun farko ai abu ɗaya ne. Bai yi dariya ba.

Shago na bar wa abokin layinmu na kasuwa. Muka tattaro muka dawo filin Baba, wannan da ni da ke muka yi shekara ashirin muna cewa baɗi za a gina. Ɗaki biyu an rufa musu kwano, muna ciki. Na uku naki ne, ginin ya kai ƙugu, daidai inda ake barin taga. Birkilan mutumin kirki ne, kalma ɗaya ya iya, “gobe”, amma idan goben ta zo yana aiki. Yanzu shi ne ke jira na. Ya ce, “Maigida, tagar nan hanya za ta kalla ko lambu?” Na ce mai ɗakin za ta faɗa. Ya ce, “Tana ina?” Na ce tana nan tafe. Ya dube ni irin duban da nake yi masa idan ya ce gobe.

E, lambu na ce, kada ki yi dariya. Likita ya ce in riƙa motsa jiki a hankali. Na yi fangali shida a bayan gida, na jera su yadda nake jera kaya, masu kyan gani a gaba. Alayyafo, salak, tumatir, kuɓewa. Mutuniyarki ce ke jan ruwa a rijiya, ni an ba ni wata 'yar buta kamar ta wasan yara. Gishiri kuwa ta kulle shi a akwatinta tare da sarƙar wuyanta. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne, a nan kaya ba ya jin talla. Kullum da safe sai na tsuguna na yabi tumatirin nan, shi kuwa yana nan yadda na bar shi jiya.

Da yamma nakan zauna a kan bulo a cikin ɗakin naki, don nan inuwa ke fara sauka. Shekara goma sha ɗaya ke nan da tafiyarki, zuwa biyu, kowanne sati biyu, rabinsa ya tafi a gaishe-gaishe. Ba ƙorafi nake yi ba. Maganar taga kawai nake tambaya.

Yayanki.

*

Yaya,

Na samu takardarka, na karanta sau uku, na yi dariya a biyun farko. Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaida mutuniyata, ka ce mata mai yana nan tafe, mabuɗin akwatin nan kuma ta rataye shi a wuya. Ni lafiya lau, sai sanyi da yawan tsayuwa.

Yaya, ka manta wa kake rubuta wa. Ni ce na yi hutun makaranta shida ina kaɗe ƙura a shagonka. Kai ka koya mini ƙafa ɗaya ake bajewa a tebur, ɗayar tana ciki, sai mai saye ya shigo ya zauna. Kuma na san duk ranar da na ji ka ce, “Wannan fata ce zalla, har jikanka zai gada,” to gam ne ke riƙe da ƙasan. Takardarka ƙafa ɗaya ce, an goge ta tana ƙyalli. Ina ɗayar?

Ga abin da nake so ka amsa mini, ba da labarin jaki ba. Sunayen magungunan da kake sha. Filo nawa kake sawa kafin ka iya kwanciya. Daga ƙofa zuwa rijiya sau nawa kake tsayawa. Ƙafarka tana kumbura? Aikina ke nan, kullum su nake tambayar iyayen wasu, ba zan kasa tambayar nawa ba. Tudun nan kuma na yarda akwai shi, amma na san ka ji daɗinsa, don a takarda ba a jin haki.

Wani abu kuma. Na duba abin da ka shuka: alayyafo, salak, tumatir, kuɓewa. Duk ba wanda ke wuce 'yan watanni. A gidan tsofaffin nan akwai ɗan lambu, ni ce ke fita da su, na kuma lura da wani abu: wanda ya fid da rai, ganye kawai yake yarda ya shuka. Ka dasa mangwaro, Yaya. Irin na bayan gidanmu na da, wanda ka faɗo daga kansa ka ce wa Baba ni na girgiza.

Akwai wani tsoho a nan, tsohon direban jirgin ƙasa, ba ya cin abinci sai ni na ba shi. Da sunan 'yarsa yake kira na. Ita 'yar tana zuwa sau biyu a shekara, da furanni a hannu, tana zaune tana duba agogo. Da can haushinta nake ji. Tun da takardarka ta zo na daina iya kallon ta.

Maganar ɗaki kuwa, ka bar shi yadda yake, kada ka ɗora ko bulo ɗaya saboda ni. Na riga na sa hannu a ƙarin shekara guda kafin wannan abu ya faru, ba yadda zan yi yanzu.

Ƙanwarka,
Auta.

*

Auta,

Ina gaisuwa, ina kuma ba da haƙuri, sati bakwai ba amsa. Laifin hanya ne: ruwa ya cinye gada, direban da ke kai mana takardu gidan waya ya daina shigowa. Muna lafiya, ni da mutuniyarki. Jiki kuwa sai godiya, kamar sabo a kwali.

Tambayoyinki na karanta. Ko a kan iyaka ba a taɓa yi mini irinsu ba. Na ba mutuniyarki ta ajiye tare da gishiri.

Ga amsar da ta fi su duka: ki zo ki ga kuɓewata. Jiya na shiga lambu na tsinko guda ɗaya, na gwada ta da takalmi. Lamba arba'in da biyar cif, wallahi, har da ɗan ƙari. Duk fangalin haka suke, tsaye ƙiƙam kamar ƙahon sa. Na ga ta mutanen garin a kasuwarsu, 'yan firit kamar ɗan yatsa, abin tausayi. Maƙwabcina mai jaki ya zo ya gani, ya riƙe baki, ya ce shekara hamsin yana noma bai taɓa barin tasa ta kai haka ba. Kin ji fa, daga bakin gwani. Yanzu mutumin da ya shuka irin wannan shi ne za a tambaya filo nawa?

Mangwaro kuma, ni ɗan kasuwa ne. Ban taɓa saro kayan da sai bayan shekara huɗu za a fara cinikinsa ba, ba kuma yanzu zan fara ba.

Maganar ɗaki na ji, na kuma gane, ba sai an rubuta mini da manyan baƙaƙe ba. Mai saye idan ya ce, “Ajiye kawai, kada ka naɗe,” na san ba zai dawo ba, ba na ma bin sa da kallo. Na sallami birkila. Na ɗora tsofaffin kwano biyu a kan ginin, na zuba kaji uku a ciki. Suna jin daɗinsa, ba wadda ta tsaya shawarar taga. Yanzu da yamma a ƙofar gida nake zama. Inuwar ba ta kai waccan ba, amma ana sabawa.

Ki gaida direban jirgin. Ki ce masa ya yi sa'a, shi ko 'yar aro ya samu.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina fata kana lafiya, ko da yake na san ba ka da ita. Ni ma ba ni da ita sosai tun da na buɗe ambulan ɗinka.

Kwana nawa ka yi a asibiti?

Kada ka tsaya neman wanda ya faɗa mini. 'Yarka ta rantse mini a waya komai lafiya, da irin muryar wanda aka ja wa kunne. Kuɓewarka ce ta faɗa. Yaya, kuɓewa ba takalmi ba ce, ba a yabon ta da lamba. Kowane kwana biyu ake tsinke ta, tana kamar ɗan yatsa, irin wadda ka raina a kasuwa. Idan ta kai yadda ka ce, ta zama itace, ko wuƙa sai ta yi da gaske. Ka sake jin abin da maƙwabcinka ya ce: bai taɓa barin tasa ta kai haka ba. Ladabi ya yi maka. Kai ba ka san wannan ba, amma mutuniyata ta sani. Ba za ta riƙa wuce fangalin nan kullum da bokiti ta bar kayan miyarta suna zama itace ba. Ke nan ku biyun ba kwa gida, aƙalla sati biyu. Ina za ka je sati biyu har ita ma ta bar kajinta da rijiyarta ta bi ka? Gadar ma ban yarda da ita ba.

Sai maganar ɗaki. A ɗakin canja kaya na karanta labarin kajin nan, sai da wata abokiyar aiki ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na san ka, Yaya. Idan birkila ya ce gobe, kai za ka sunkuya ka fara miƙa masa bulo don ya ji kunya. Ina ganin ka a idona, bulo a ƙirji, kana ba shi labari. Shi na ce ka bari. Ban ce ba na son ɗakin ba. Shekara goma sha ɗaya ina kwana a ɗakin haya mai taga tana kallon bangon wani, ba wanda ya taɓa tambaya ta ina nake so taga ta kalla. Na kasa amsa maka ne saboda idan na zaɓa, zan fara zama a ciki tun daga nan, aikin kuma ba zai yiwu ba.

Abin da ka faɗa kan direban jirgin na ji, ya kuma shiga inda ka aika shi. Ban ce ƙarya ka yi ba.

Ka fito da ɗaya ƙafar. Ko ta yage, ko ƙasan ya ɓalle, ni dai in gani.

Auta.

*

Auta,

Gaisuwa, da fatan sanyin ya yi sauƙi. Mutuniyarki tana gaishe ki. Ta ce in faɗa miki tun ranar ta ce mini, “Kada ka sa maganar kuɓewar nan a takarda,” ni kuwa na ɗauka hassada ce. Shekara talatin ba ɗan kasuwar da ya taɓa kama ni, yau ga ni a hannun kayan miya.

Kwana goma sha shida. Gada lafiyarta lau.

Ga ɗaya ƙafar. Ranar da takardarki ta zo na karanta “kada ka ɗora ko bulo ɗaya”, sai zuciya ta ɗebe ni. Na sallami birkila, na je na kinkimo kwanon nan ni kaɗai da rana tsaka, don in nuna wa ban san ko wa ba cewa ban damu ba. Na ɗora na farko, na ɗora na biyu. Na uku shi ya kwantar da ni. Maƙwabcina ne ya kai ni bakin titi a amalanken jakin nan. Kin ga ashe duba aikin da yake yi ba banza ba ne. Kada ki ɗauki laifin. Ke kin rubuta daidai, ni na karanta da idon kasuwa.

Dogon likita ya ce zuciyar tana aiki, amma kamar shagon da aka buɗe wa ƙofa ɗaya. Ba haka ya faɗa ba, shi lamba ya faɗa, na sa mutuniyarki ta kwafe miki ita da sunayen magunguna, suna bayan takardar nan. Na tambaye shi shekara nawa. Ya ce akwai masu kaiwa goma, akwai waɗanda ba sa ganin baɗi, ya danganta da jin magana. Na ce, “Likita, wannan ai ba farashi ba ne, faɗi na gaskiya.” Ya ce, “Shi ke nan na gaskiyar.”

Filo uku. Zuwa rijiya tsayuwa biyu, ina yi kamar tumatir nake dubawa. Ƙafa kuwa, ni da na sa wa rabin gari takalmi, yau ba takalmin da ke shiga tawa. Silifa lamba arba'in da biyar nake ja. Da ita na gwada kuɓewar.

Tsoro kuma akwai, ba kullum ba. Yakan zo da yamma, idan inuwa ta sauka a ɗakin nan. Ba tafiyar ce ke ba ni tsoro sosai ba, kowa zai tashi kasuwa wata rana. Tsorona a kira ki a waya kina tsakiyar ba uban wata abinci, ki ce “to”, ki ƙarasa ba shi, don ba yadda za ki yi. Sannan ki zo bayan komai ya wuce, a nuna miki gini ya kai ƙugu a ce ga naki.

Za ki ga ƙunshi tare da takardar nan. Ranar da na bar shago abu ɗaya na ɗauko, takalmin roba na shiga lambu, kore, lamba talatin da takwas. Naki ne. Na aiko miki ƙafar dama. Ta hagu tana kan ginin ɗakinki, na kori kaji. Kin san ƙa'idar shagon.

Yayanki.

*

Yaya,

Na gode da ka faɗa. Lambar da aka ba ka na nuna wa wata likita a nan. Ta ce ba ta yi kyau ba, amma ta ga waɗanda tasu ta fi haka muni suna goyon jikoki, muddin sun daina ɗaukar kwano. Ka gaida mutuniyata da maƙwabci, da jakin ma, ya cancanta.

Takalmi ya iso. Ma'aikacin gidan waya ya tambaye ni ko an sace ɗayan a hanya, na ce a'a, haka mai shagon yake. Na zauna a bakin gado na gwada. Bai shiga ba, Yaya. Talatin da takwas ta yarinyar da ka raka filin jirgi ce. Shekara goma sha ɗaya a tsaye, arba'in nake sawa yanzu. Na daɗe ina riƙe da shi. Kai ba ka san ƙafata ba, ni ban san taka ba, kuma mu ne 'yan gidan mai takalmi.

Na je wajen shugabar aiki. Shekarar da na sa wa hannu ba ta karyuwa, amma sun ba ni hutun wata uku. Zan sauka ranar sha biyu ga watan jibi. Wata uku ne fa, kada ka je ka ce wa gari na dawo. Na faɗa wa direban jirgin zan je ganin yayana. Ya daɗe yana tauna, sannan ya ce, “Je ki. Kada ki duba agogo.”

Taga ta kalli lambu. Birkila ya yi aikin, kai ka zauna ka yabe shi, abin da ka iya ke nan. Ka nemo mini arba'in. Ka kuma dasa mangwaron kafin in zo, ba na son jin wata magana.

Ƙanwarka,
Auta.

*

Auta,

Gaisuwa daga ni da mutuniyarki. Filo biyu yanzu, wannan kuma ba talla ba ce, za ki ga ta sa hannu a ƙasa.

Birkila ya dawo, goben tasa ta zo. An kai gini, an rufa kwano, taga tana kallon lambu. Ban taɓa ko cokalin siminti ba. Ina kujera ina ba da umarni, har ya ce mini, “Maigida, Allah ya ƙara lafiya, amma aiki ya fi sauri idan kana barci.” Kaji sun koma bayan gida suna ta ƙorafi. Ban faɗa wa gari kin dawo ba. Mutum bakwai kawai na faɗa wa, sai dai su ne masu baki.

Maganar lamba arba'in, ba a canjin kaya ta gidan waya. Mai ƙafa ce ke zuwa da ƙafarta, ta zauna a benci a gwada. Durƙusawa likita bai hana ni ba. Ki taho da ta daman, kada ki bar ta can ita kaɗai.

Kuɓewar nan an tumɓuke ta, na ajiye manyan don iri, maƙwabci ya ce amfaninsu ke nan. An shuka sabuwa, za ta fara daidai saukarki. Kowane kwana biyu kika ce, to aikinki ne.

Sai mun gan ki.

Yayanki.

Na manta. An dasa mangwaro jiya, daidai tagarki. Maƙwabci ya haƙa ramin, ni na riƙe dashen, na ba shi ruwa da 'yar butata. Tsawonsa bai wuce gwiwata ba, ganye shida. Na tambayi mai dashen yaushe zai fara, ya ce shekara huɗu idan an kula da shi, kuma yana ƙarami ba ya son a bar shi ko sati guda ba ruwa da rani. Na daɗe tsaye a kansa. Ban yabe shi ba, ban san me zan ce masa ba.

To, ni dai kin ji abin da likita ya ce, ke kuma kin ce wata uku. Ke da kika yi karatu, wannan mangwaron da kika sa na saro, wa muka dasa wa?